Kwamfutar wasa a tsakiyar bazara: a auna zafinta kafin a ce ta mutu

A cikin watan Afirilu, na fito daga shirin safe ke nan, sai wata hajiya mai saida atamfa a babbar kasuwar Maradi ta tsayar da ni a bakin shagonta. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce: “Ɗana, kai da kake magana a rediyo kullum, zo ka ji. Injin yaron nan zai cinye mini adashi.”

Ga yadda abin yake. Ɗanta ya ƙare lise, aiki bai samu ba, sai ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba shi. Ya sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, wasu daga Kano, wasu ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai sautu, ya haɗa ta da hannunsa, ya ajiye ta a wani ɗan shago mai rufin kwano inda samari ke biya suna wasan ƙwallo da tseren motoci. Duk lokacin sanyi lafiya lau. Da bazara ta kama, sai a yi minti kaɗan ana wasa hoto ya fara tsinkewa, fankoki su ɗau ƙara kamar injin niƙa, can sai ta mutu ɗif. Yara su ce a maido musu kuɗinsu. Wani mai gyara kuma, ko buɗe ta bai yi ba, ya ce sai an sayi sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin na'urar, wadda tana cikin kayan da suka fi tsada.

Na ɗauki abokin aikina mai kula da na'urorinmu muka tafi. Abin da ya fara yi, wanda shi ne ya kamata kowa ya fara yi, shi ne aunawa. Akwai manhajoji na kyauta, irin su HWMonitor da Core Temp, masu nuna zafin furosesa da lambobi. In ba a aikin komai, digiri 35 zuwa 50 ba laifi. In ana wasa, 60 zuwa 85 abu ne da aka saba gani. Kowace furosesa tana da iyakarta. Yawancin na kamfanin Intel na ƴan shekarun nan iyakarsu digiri 100 ce, su kuwa Ryzen 7000 na kamfanin AMD, da suka fito a 2022, an ƙera su ne su yi aiki har zuwa 95. In furosesa ta kai iyaka sai ta rage gudu da kanta, shi ne tsinkewar hoton nan. In hakan bai isa ba sai ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Ke nan mutuwar da ta firgita hajiya kare kai ne. Amma fa a lura, raunin wuta ko tsufan akwatin da ke raba wa kayan wuta su ma suna kashe kwamfuta haka, kuma lambar zafin ce za ta raba gardama.

Ta yaron nan tana zaune a 62 ba a taɓa ta ba. Da aka buɗe wasa, kafin ƙiftawa da bisimilla ta haye 100. Abokina ya ce saurin hawan shi ne labarin. Zafin da ke tashi nan take yana nufin ƙarfen da ke shan zafi bai zauna daidai bisa furosesa ba. Wanda ke tafiya sannu a hankali, minti ashirin ko talatin, yana nufin iska ce ba ta fita daga akwatin. Gwajin wannan ba ya cin ko dala: a cire murfin gefe, a sake wasa, in lambar ta sauka sosai to matsalar ta iska ce.

Da aka kwance ƙarfen sai ga abin kunya. Masu ƙera shi suna manna wata leda siririya a gindinsa don kada ya karce a hanya, an ma rubuta a jikinta cewa a cire. Yaron bai cire ba. Wata uku na'urar tana aiki da leda tsakaninta da abin da zai sanyaya ta, sanyin hunturu ne kawai ya rufa masa asiri. Ban yi masa dariya ba, don abokina ya ce ba shi ne na farko da ya gani ba. Bayan leda kuma ga ƙura: ta shiga tsakanin siraran faranten ƙarfen ta daskare kamar bargo.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. An goge tsohon man da ke bisa furosesa da alkol irin na farmasi da ƙyalle mai tsabta, aka ɗiga sabon man da masu gyara ke kira pat termik, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama a tsakiya. Aikin man nan shi ne cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe biyu, don zafi ya ratsa. Ba a lafta shi kamar man shafawa, kuma giris na mashin ko man goge baki ba sa maye gurbinsa, duk da na ji masu cewa suna yi. Kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ɗaya ba. Sukurori huɗu kuma ana ɗaure su ne a gicciye, kaɗan kaɗan, don ƙarfen ya zauna daram.

Ƙura ita ce tamu ta gado, kuma a nan nake son iyaye mata su saurara. Mun saba duk abin da muke so mu lulluɓe shi da zane. A lulluɓe kwamfuta in an kashe ta, madalla. Amma tana aiki a rufe mata hanci, an shaƙe ta ke nan. A ɗauke ta daga ƙasa inda shara ke tashi, a ɗora bisa tebur, a bar kamar taki ɗaya tsakaninta da bango. A lokacin hunturu a riƙa fitar da ita waje kowane wata, a zare wayar wuta, a hure ta da abin hura iska, ana riƙe da fukafukan fanka da yatsa don kada iskar ta juya su fiye da kima. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da ajiye ƙanƙara a gefenta, don raɓa ta fi zafi ɓarna. A kuma duba fankokin akwati: na gaba su jawo iska, na baya da na sama su fitar.

Akwai abin da gyara ba ya kawarwa. Fanka ba ta iya sanyaya ƙarfe ƙasa da iskar ɗakin da take ciki. Lambobin da yaranmu ke gani a intanet, galibi an auna su ne a ɗakunan Turai ko Amurka masu digiri 22 ko kusa da haka. Shagon kwano a Maradi ko Tawa ko Damagaram, a watan Afirilu da Mayu, yana wuce 40 da rana. Wannan ratar ta digiri ashirin kai tsaye take hawa bisa furosesa. Saboda haka ƴan kasuwa masu kawo kayan nan su daina duba suna kawai. Core i9-13900K tana iya jan wuta har wat 253, ita kuwa Ryzen 5 5600 ajin wat 65 take, kuma duk wutar da furosesa ta ja zafi take komawa. A ganina, ga shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, ƙaramar ta fi riba. Wanda ya riga ya sayi babba yana iya rage mata wuta ta cikin BIOS. A na AMD ana kiran tsarin Eco Mode, kuma a yawancin wasanni da wuya mai wasa ya ga bambanci.

Masu sayen na hannu su ƙara kula. A 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke lalata su a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara garanti da shekara biyu, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Duk wanda aka kawo wa irin wannan a kasuwa, ya nemi a kunna masa ita a yi wasa mai nauyi a gabansa na tsawon lokaci kafin ya ƙirga kuɗi.

Da muka maida komai muka kunna, bayan azahar ne, rana na tsakiyar duka. Minti arba'in ana wasa, lambar ba ta wuce 81 ba. Hajiya ta sa an huda taga ta biyu a bangon shagon, an saka rufin tabarma a ƙarƙashin kwanon, ta kuma kafa wa ɗan nata doka cewa daga azahar zuwa la'asar a rufe har damina ta sauka. Kuɗin da ta fara tarawa na sabuwar furosesa ta maida su cikin atamfa.