Kifin da Ya Fi Bajimin Sa Nauyi

Mu da ke nesa da bahar, in an ce babban kifi, giwan ruwa muke tunawa. Amma a cikin teku akwai wani kifi mai dogon baki kamar mashi, ana ce da shi malin. Yana da ɗan'uwa mai faffaɗan tozo, shi ma gwanin gudu ne. Masu hali sukan shiga jirgi mai inji su bi su da fatsa, ba don neman abinci ba, sai don gwajin ƙarfi da haƙuri.

Wasan yana da doka. Tun 1939 aka kafa ƙungiya mai kula da shi, kuma dokarta ta ce in kifi ya haɗiyi ƙugiya, ba mai taɓa sanda ko zare sai mai fatsar. Yana zaune bisa kafaffiyar kujera, ya ja, kifi ya ja. Lalle kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ran 4 ga Agusta, 1953, wani Ba'amurke, Alfred Glassell, ya kama baƙin malin a Cabo Blanco, ƙasar Peru. Awa ɗaya da minti 45 suna fafatawa. Da aka aza shi a ma'auni sai ya yi laba 1,560, watau ya ɗara kilo 700. Har yanzu ba wanda ya kama baƙin malin mai nauyinsa bisa dokar wasan.

To, me ya tara manyan kifaye a nan? Wurin mahaɗa ce ta ruwan sanyi daga kudu da ruwan ɗumi daga arewa, ƙananan kifaye kuwa sun yi yawa ƙwarai. Sa'an nan jiragen kasuwa suka yi ta kwasar ƙananan, har a 1972 kamunsu ya karye, ga kuma ɗumamar ruwa. Manyan kifaye suka yi wuya, sunan Cabo Blanco ya dushe.

Masana kuma sun tabbatar cewa manyan malin duk mata ne, su ne masu zuba ƙwai. Saboda haka yanzu masu wasan da yawa sukan maƙala wa kifin alama su sake shi da ransa. Mu dai a ganinmu wannan shi ne hankali, gama manomin da ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina?