Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Fara Bin Salsalar Gidanku

Yawancinmu mun san sunan kaka, wasu har kakan-kaka, daga nan sai a yi shiru. Ba abin mamaki ba ne. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Najeriya, amma har yau ba kowa ke yi ba. Tarihin gidajenmu yana kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Fara da tsofaffin mata

Dattijo zai jero maka uba da uban uba, ya tsaya. Gwaggo ce ta san wa ya auri wa, wace ce ta fita ta bar ɗa a gidan, wa aka kai riƙo, wa ya sha nonon wa. Je mata da goro, ka nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, ka bar ta ta yi ta kewaye-kewayenta, domin a nan labarin yake. Sai dai ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda kunya. Kada ka matsa mata, tambayi wata.

Sunaye na ruɗarwa

Mutum ɗaya kan amsa suna uku. Sunan yanka Abubakar, a gida Garba, idan kuma sunan kakansa ya ci, sai a ɓoye shi da Abba ko Baffa. Laƙabi ma shaida ne: Tanko ya biyo bayan ’ya’ya mata, Ɗanladi ranar Lahadi ya zo, Azumi a watan azumi. Sunan gari irin Shagari ko Tafawa Ɓalewa kuwa, galibi a makarantar boko aka liƙa shi. Shi ya sa wa da ƙane kan ɗauki sunaye daban, bare biyu kuma su yi tarayya a ɗaya.

Yadda ake gano shekara

Tsoho bai riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru ya riƙe ta. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta yi tsanani a 1914, an kashe Sardauna a 1966, naira ta maye gurbin fam a 1973. Idan aka ce baba yana goye lokacin Kakalaba, ka samu shekarar haihuwarsa ke nan.

Takardu

Fara da akwatin gida. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littattafansu, da Larabci ko ajami. Ga kuma takardun gona, na rabon gado, da tsohon fasfon Makka. Daga nan sai Kaduna, inda reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa ke ajiye da rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi domin yanka haraji, ɗauke da jerin hakimai da dagatai. Akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma fa masu sarauta da manyan malamai takardun nan suka fi sani. Manomi ko maƙeri a ƙidaya yake fitowa, ba kasafai da sunansa ba.

Dangin da suka yi nisa

Fataken goro sun bar zuriya a Salaga da zangon Kumasi. Wasu da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira a 1903 sun wuce har Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi. Sunan unguwa, irin Agadasawa ko Tudun Nufawa a Kano, da tsagar gadon fuskar kaka, duk suna nuna hanya.

Abin da ba a son faɗa

Gidaje da yawa za su ce maka daga Gabas suka fito. Rubuta, tare da sunan wanda ya faɗa, ka nemi bakin mutum na biyu. Kirarin maroƙi ma haka, tunda don a yi masa kyauta yake yi. Kuma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewacin Najeriya, don haka kana iya tarar da bawa, ko mai bayi, a layinku. Irin wannan, da tsohuwar rigimar gado, shawarci manyan gida kafin ka tura shi zauren WhatsApp na dangi.