Tattalin Kuɗin Gida da Biyan Bashi a Lokacin Hutun Haihuwa

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da Magatakardansu, gama su ne a ke fara kawo wa kuka idan rigimar bashi ta tashi a gari. A zamanin yanzu da wuya a sami gundumar da babu mata masu aikin albashi a cikinta, watau malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da akawuna, da masu aiki a kantuna da kamfanoni. Idan ɗayarsu ta haihu ta kan sami hutu daga wurin aiki, amma bashin da ke kanta ko kan mijinta ba ya hutu. Uwar adashi tana jiran zubi, banki yana yankan nasa, mai kanti kuma yana nan da littafinsa. Gidaje da yawa su kan shiga ƙunci a cikin waɗannan 'yan watanni, su daɗe ba su fita ba. Galibi kuwa dalili guda ne, ba a zauna an yi lissafi tun ciki yana ƙarami ba.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba mace mai ciki ikon barin aiki mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, ta kuma hana a sa ta aiki a cikin mako 6 na bayan haihuwa. Mako 12 ke nan gaba ɗaya. Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, wajibi ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Ba a yarda a ba ta takardar sallama tana cikin hutun ba. Bayan ta koma aiki tana da rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Amma fa dokar ba ta ɗora wa mai aikin biyan kuɗin asibiti ba. Wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata kuwa, sai a duba abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce.

Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idodi. A aikin Gwamnatin Tarayya hutun bai gaza mako 16 ba, da cikakken albashi, kuma a 2021 aka yarda a ba uba kwana 14 na aiki idan an yi masa haihuwa. Jihar Legas ta mai da hutun wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Tun da ya ke jihohi sun bambanta, ya kamata ko wane Magatakarda ya nemi ƙa'idar jiharsa a ofishin ƙaramar hukuma, ya ajiye ta a rubuce.

Saboda haka masu jego iri uku ne. Akwai mai cikakken albashi, ita ma alawus ɗin aikin dare da abin da ta ke samu a sana'ar gefe su kan tsaya. Akwai mai rabin albashi. Sa'an nan akwai wadda ta fi yawa a ko wace gunduma, watau mai sana'ar cikin gida, mai ƙosai ko ƙuli-ƙuli, mai ɗinki ko kitso. Ita babu mai biyan ta ko sisi, ranar da ta ajiye kasko ranar cinikinta ya tsaya, sai bayan arba'in.

Misalin Lissafi

A ɗauka akwai wata akawu a wani kamfani, albashinta naira 80,000 a wata. Tana zuba adashin 10,000, a na kuma yankar mata 15,000 saboda rancen albashi da ta karɓa. Abin da ke saura a hannunta 55,000 ne. To, idan ta shiga hutu aka koma ba ta rabi, watau 40,000, alhali adashi da rance suna nan yadda su ke, abin da zai rage mata 15,000 ne kaɗai. Giɓin ko wane wata 40,000 ne, a wata uku ya zama 120,000.

Idan ta fara ajiya tun wata na uku na ciki har zuwa na bakwai, wata biyar ke nan, sai ta riƙa ware 24,000 a wata. Da nauyi, amma mai yiwuwa ne in miji ya tsaya a kan nasa haƙƙi. Idan kuwa ta bari sai wata na shida, wata biyu suka rage mata, ko wanne sai ta ajiye 60,000, abin da ya fi duk abin da ke hannunta. Nan ne a kan tafi neman sabon bashi. Shi ya sa a ke cewa tun ran gini ran zane.

Wajibi da Al'ada

Kuɗin da haihuwa ke ci kashi biyu ne, kuma raba su shi ne rabin aikin. Kashi na farko shi ne wajibi: awon ciki, da kayan haihuwa da asibiti ke nema, da kuɗin mota ko da tsakar dare ne, da abinci mai gina jiki ga mai jego, da ɗan abin da za a ɓoye domin in an ce sai an yi fiɗa. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta jiha ko ta Tarayya ya tambaya tun da wuri ko me da me ta ɗauke masa. A Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, saboda haka yana da kyau a san asibiti mafi kusa da ke cikin shirin. Allurar rigakafin jarirai kyauta ce a asibitocin gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, wannan kuwa lafiya ce ga yaro, sauƙi ne ga aljihu, gama madarar gwangwani tana da tsada ƙwarai.

Kashi na biyu shi ne na al'ada: kayan barka, da kayan fitar suna, da anko, da ƙauri, da walima, da sallamar maroƙa, da ramuwar biki wadda a kan so a ninka abin da aka kawo. Waɗannan suna da daɗi, suna kuma ƙarfafa zumunci, amma ba don su ya kamata a ci bashi ba. A mazhabar Malikiyya abin da a ke so a yanka ran suna dabba ɗaya ce, ko namiji aka haifa ko mace, kuma mustahabbi ne ga mai hali. Wanda bai da iko babu laifi a kansa. Har itacen wankan jego ma a na iya rage shi, domin tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka nuna cewa tsananin zafin wanka, da kwanciya kan gadon wuta, da yawan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciya da kumburi da ke kama masu jego. Daidai ruwa daidai tsaki.

Nauyin Wane ne?

A shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna kan miji ne, ko da matar tana da dukiya, kuma Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora wa uba abinci da suturar mai shayarwa. Albashin mace nata ne. A gidaje da yawa ta kan taimaka da cefane ko kuɗin makarantar yara don ganin dama, har abin ya zama kamar ƙa'ida. To, sa'ad da albashinta ya ragu, sai mai gida ya ga kamar an janye masa wani abu, daga nan husuma ta fara. Maganin wannan shi ne su zauna su biyu tun da wuri, ko wanne ya faɗi abin da ya ke samu da abin da a ke bin sa, ba ɓoye-ɓoye. Idan matar za ta ba mijin wani abu, a fayyace ko kyauta ce ko rance. Rigingimun da yawa da ke zuwa ƙofar Hakimi daga rashin wannan fayyacewa su ke tasowa.

Yadda Za a Yi da Bashi

1. A rubuta duk bashin da ke kan gida a takarda ɗaya: sunan mai bin bashi, da adadi, da ranar biya, da ko yana da ruwa ko babu.

2. A je wurin mai bin bashi tun kafin haihuwa, a nemi ragin biya ko jinkiri na watannin hutu. Wanda aka zo masa da magana tun da wuri ya fi saurin yarda bisa wanda aka yi ta ɓuyar masa. Suratul Baƙara, aya ta 280, ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi.

3. Idan rancen albashi ne na wurin aiki, Dokar Ƙwadago ta ce duk abin da mai aiki zai yanka a wata kada ya wuce sulusin albashin watan. Sulusin 40,000 bai kai 14,000 ba, saboda haka akawun da aka yi misali da ita tana da hujjar neman a rage mata yankan 15,000.

4. Game da adashi, a roƙi uwar adashi ta sa kwasar mai ciki ta faɗo a watan haihuwa, ko kuwa ta koma rabin hannu. Wadda ta riga ta kwashe lalle ne ta ci gaba da zubi, gama kuɗin 'yan'uwanta ne. Kada a shiga sabon zagaye sai an koma aiki.

5. In abin hannu bai isa kowa ba, a fara da bashi mai ruwa, domin shi ne ke hayayyafa kullum. Sauran a ba su ɗan abin da ya samu a kan lokaci, ko da kaɗan ne, don amana ta tsaya.

6. Bashin banki ba a gudunsa da sake banki. Tun Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna ikon cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na waɗansu bankuna, ta hanyar lambarsa ta BVN.

7. Kada a ci bashi don a biya bashi, balle rancen nan na wayar hannu da a ke bayarwa cikin minti kaɗan. Ruwansa mai yawa ne, wa'adinsa gajere, waɗansu masu shi kuma su kan aika wa dangi da abokan mutum saƙon tozarci in ya makara. Saboda irin wannan ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya, FCCPC, ta fara tilasta musu rajista a 2022, kuma a na iya kai mata ƙara.

8. In ya zama tilas, gara a sayar da akuya ko tunkiya da a ɗauki rance mai ruwa. Amma kada a taɓa keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko uwar kuɗin sana'a. Mai sana'a ta ƙulle jarinta daban kafin ta haihu, ko ta damƙa wa wata amintacciya ta riƙa juya mata, don ran da ta fita arba'in ta sami abin komawa kai.

Aikin Hakimi da Magatakarda

Hakimi ba alƙali ba ne, amma sulhunsa ya kan hana magana kai wa kotu. Idan aka kawo ƙarar bashi a kan mai jego ko mijinta, ya kamata ya tambayi ranar da za ta koma aiki, a tsara biya daidai da wannan rana. Kada a matsa wa mace ta katse hutunta don biyan bashi, gama abin da za a kashe in ita ko jaririn suka kwanta ciwo zai fi bashin yawa. Kada kuma a danne haƙƙin mai bin bashi, watakila shi ma da kuɗin ya ke ci da iyalinsa.

Magatakarda shi ne zai rubuta abin da aka daidaita a kai: adadin da ya rage, da abin da za a riƙa biya, da ranar farawa, da ranar gamawa, da sunayen shaidu biyu. A karanta wa kowa ya ji, su sa hannu ko su dangwala yatsa, ko wane ɓangare ya riƙe kwafi, ɗaya kuma ya zauna a ofis. Wannan ba baƙon abu ba ne, gama aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Haka kuma idan wata ta zo da kukan an hana ta hutu ko an riƙe mata rabin albashinta, Magatakarda ya taimaka mata da rubuta takarda zuwa ofishin ƙwadago na Tarayya da ke babban birnin jiha.

Daga ƙarshe, a na roƙon Hakimai su tattauna wannan magana da Dagatai da Masu-unguwa da Limamai, a riƙa faɗa wa jama'a a wurin ɗaurin aure da raɗin suna. Talaka ya kan dubi gidan babba ya auna nasa. Idan aka ga an yi suna a gidan Hakimi da rago ɗaya da goro da addu'a, mai ƙaramin ƙarfi ba zai ji kunyar yin haka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, samunsa ba abin kunya ba ne. Abin da a ke nema shi ne a san adadinsa, a rubuta shi, a shirya biyansa tun kafin ranar haihuwa ta zo. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba iyaye ikon sauke nauyi, amin.