Allon da Ake Tuƙawa a Tsaye: Wanne Ne Daidai da Jikinka?

Yau ruwa za mu shiga, amma ba da kwalekwale ba, ba kuma da ninƙaya ba. Wani dogon allo ne, ya fi ƙyauren zaure tsawo, mutum ya ɗora shi a kan ruwa, ya hau ya miƙe tsaye cak, ya riƙe dogon filafili yana tuƙawa. Masu abin suna taƙaita sunansa da SUP. Mu a nan allon tsaye za mu ce masa. Tambayarmu ta yau ɗaya ce: idan mutum zai saya ko zai yi haya, ta yaya zai gane wanda ya yi daidai da shi?

Kafin nan, ku ba ni dama in kai ku gaɓar Waikiki da ke tsibiran Hawayi, domin labarin wurin ya tsaya mini a rai. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce akwai wasu samari 'yan asalin wurin da sana'arsu ita ce koya wa baƙi hawan raƙuman ruwa a kan allo. Yadda aka saba, mutum kwanciya yake yi ruf da ciki, ya yi ta iyo da hannuwa, sai raƙumin ruwa ya ɗauke shi sannan ya zabura ya miƙe. A wurin akwai wani dattijo, John Ah Choy, wanda kowa ke kira Pops. Da girma ya zo masa, kwanciya da zaburar nan suka fara yi wa gwiwoyinsa wuya. Bai haƙura da teku ba. Sai ya ɗauko filafilin kwalekwale, ya hau allonsa a tsaye tun daga gaɓa, ya ci gaba da harkarsa. 'Ya'yansa biyu, Bobby da Leroy, suka ɗauki salon, suka kuma gano wani amfanin da ke cikinsa: wanda ke tsaye yana hango raƙumin ruwa tun daga nesa, yana ganin ɗalibansa duka, kuma yana iya rataya kyamara a wuya ya ɗauki hoton baƙi ba tare da ruwan gishiri ya taɓa ta ba. Kyamarar wancan zamani kuwa, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kashe ta.

Abin da ya burge ni shi ne, ba neman burga ya haifi wannan wasa ba. Dattijo ne ya dubi jikinsa, ya dubi ruwan da ke gabansa, ya gyara kayan aikinsa suka dace da su biyun. Ku riƙe wannan, domin shi ne dukan darasin zaɓen allo: jikinka, da ruwan da ke gabanka.

Sauran tarihin a gurguje. A farkon shekarun 2000 wasu gwanayen teku biyu, Laird Hamilton da Dave Kalama, suka farfaɗo da salon a tsibirin Maui, hotunansu suka bazu, kamfanoni suka shigo. A 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta sanya allon a sahun jiragen ruwa idan an fita da shi daga wurin wanka da wasa. A 2017 wani ɗan Afirka ta Kudu, Chris Bertish, ya kammala ƙetare tekun Atilantika daga Maroko zuwa Antigua cikin kwana 93, a kan wani da aka ƙera masa na musamman.

To, mu zo kan awo. Abu na farko da za ka nema a jikin allo ba tsawonsa ba ne, ba launinsa ba ne. Lita za ka nema. Kowane allo na kirki an rubuta masa lita nawa ne cikinsa. Duk wanda ya taɓa kallon masunta a Argungu ya san wannan ilimin ko da bai san sunansa ba. Masunci yana shiga Matan Fada da homarsa da ƙatuwar gora, ya ɗora ƙirji a kanta, ita ke riƙe shi a saman ruwa. Ƙaramar gora ba ta ɗaukar ƙaton mutum. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: kowace lita ɗaya tana iya tallafe nauyin kilo ɗaya kafin ta nutse. Lita ɗaya, kilo ɗaya. Ruwan teku, saboda gishirinsa, yana ɗan ƙara ɗaga abu fiye da ruwan tafki, amma bambancin bai kai a tsaya lissafinsa ba.

Sai dai kada mai kilo 70 ya ce allo mai lita 70 ya ishe shi. Wannan zai riƙe shi ne daf da nutsewa, ruwa na wanke masa idon sawu, allon na rawa kamar ganye. Masu koyarwa sukan ce sabon shiga ya ninka nauyinsa sau biyu zuwa biyu da rabi. Mai kilo 70 ya nemi lita 140 zuwa 175. Lita 175, in kuna son ku gan ta da ido, jarka bakwai ce irin mai lita 25 ɗin nan da 'yan garuwa ke turawa a kura. Mai kilo 90 ya nemi 180 zuwa 225. In kuma za ka ɗora yaro a gaba, ko jakar kaya da ruwan sha, to a haɗa nauyinsu a cikin lissafin tun farko. Zan maimaita saboda mai rubutawa: nauyinka da na kayanka, sau biyu zuwa biyu da rabi.

Bayan lita sai faɗi, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Faɗi shi ke hana allo karkata hagu da dama. Allon koyo na gama-gari yakan kai inci 32, wato kimanin santimita 81, tsawonsa ƙafa 10 da inci 6. Mai jiki sosai ko dogo zai fi samun natsuwa da inci 33 ko 34. To amma fa faɗi yana da nasa farashin. Ka kwatanta mace marar tsawo, mai kilo 50, an ba ta allo mai inci 34 don wai ya fi aminci. Hannunta ba zai iya miƙa filafili ya shiga ruwa a tsaye a gefen allon ba, sai a karkace. Duk tuƙi ɗaya, hancin allon ya juya gefe. Ta tuƙa biyu a dama, ta koma hagu, ta dawo dama, kafaɗa ta gaji, ba ta je ko'ina ba. Sai ta ce wasan ya fi ƙarfinta, alhali allon ne ya fi ƙarfin hannunta. Inci 30 ya ishe ta, ko ma ƙasa da haka kaɗan. Raina yakan ɓaci in na ji ana cewa allo ɗaya ya ishi gida duka. Rigar maigida ba ta zama ta autan gida.

Tsawo kuma shi ke faɗa maka irin tafiyar da allon zai yi. A ruwa kwantacce, tafki ko madatsar ruwa ko lungun teku da babu raƙuma, dogon allo ne sarki. Mai ƙafa 12 da inci 6, ko mai ƙafa 14, da hanci mai tsini kamar na kwalekwale, yana yanka ruwa, yana tafiya a miƙe, tuƙi ɗaya ya kai ka nesa. Waɗannan tsawo biyu su ne kuma aka fi yin tsere da su, sai dai na 'yan tsere siriri ne ƙwarai, wani bai kai inci 24 ba. Kada sabon shiga ya yi sha'awarsa. Kyau gare shi a ido, amma yini zai yi yana faɗawa ruwa. Wanda ke son yawon safe na awa ɗaya da iyali, mai ƙafa 10 da rabi zuwa 11 mai zagayayyen hanci ya wadatar. Wanda ke son cin kilomitoci, ya nemi mai 12 da rabi, faɗin inci 30 ko kusa da haka.

Akwai kuma zaɓi tsakanin mai tauri da na hurawa. Mai tauri, cikinsa farin soson nan ne irin wanda ake tallafe sabon firiji a kwali, an lulluɓe shi da zaren gilashi da gam mai ƙarfi. Ya fi sulɓi a ruwa, amma yana son wurin ajiya da mota mai kariya a sama, kuma dutse yana fasa shi. Na hurawa kuwa, ƙirarsa abin mamaki ce. In ka yanka shi za ka ga dubban zaruruwa sun haɗa fatar sama da ta ƙasa, su ne ke hana shi kumbura kamar balanbalan, su sa ya miƙe fal kamar katako. Ana naɗe shi a jakar goyo. Yawancinsu suna son iska ta kai awo 15 na PSI, ma'aunin nan da mai faci ke duba taya da shi. Mutane da yawa suna gajiya da famfo su tsaya a rabi, don sun taɓa sun ji tauri. Da an hau sai tsakiyarsa ta lotsa kamar ayaba. A cika shi zuwa awon da aka rubuta a bakin bawul ɗinsa. Kaurinsa ma a duba: mai inci 6 ya fi dacewa da masu nauyi, amma yana ɗaga marar nauyi sama, iska ta yi ta tura shi, mai inci 5 ko ƙasa kaɗan ya fi masa. Kuma a ƙasa mai rana irin tamu, kada a bar shi a cike a kan yashi da tsakar rana. Iskar ciki tana buɗewa da zafi, ɗinkin ya saki. A kai shi inuwa, ko a rage masa iska.

Na ga lokaci yana tafiya, bari mu leƙa raƙuman teku. A nan lissafin juyewa yake yi. Mai hawan raƙumi yana son allo gajere, ƙafa 8 zuwa 9 da rabi, mai tauri, hancinsa a ɗage sama don kada ya caki ruwa lokacin gangarowa, gefunansa sirara don su kama jikin raƙumin a juya da sauri. Gwanaye suna hawa wanda litarsa ta ɗara nauyinsu da kaɗan kawai. Wannan na gwanaye ne. Mai koyo a wurare irin Tarkwa Bay ta Legas ko Busua ta Ghana ya fara da allonsa na ƙafa 10 a ƙananan raƙuma, nesa da masu wanka, domin allo mai wannan girma in ya kuɓuce makami ne. Filafili kuwa, a ruwa kwantacce ya ɗara tsawonka da inci 8 zuwa 10, a raƙuma ya fi haka gajarta.

Saura abu ɗaya, kuma ko da za a yanke mini komai ba zan bar shi ba. Talala, wato igiyar da ke haɗa ka da allonka. A watan Agustan 2020, a gaɓar Galway ta ƙasar Ayilan, wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna sun fita da yamma a kan allunan hurawa, kusa da gaɓa. Iska mai tasowa daga tudu ta tura su cikin teku, suka kasa dawowa. Suka ɗaure allunansu wuri ɗaya, suka kwana a kai cikin ruwan sama da tsawa, da rigunan da ke hana nutsewa a jikinsu. Bayan kimanin awa 15 wani masunci da ɗansa, da suka lissafa inda iska za ta kai su, suka same su riƙe da alamar tarkon masunta kusa da tsibirin Inis Oírr, da ransu. Rashin rabuwa da allo ne ya cece su. Mazauna gaɓar Legas da Accra su lura, iskar hunturu daga tudu take busowa zuwa teku.

Sai dai a ruwa mai gudu, talalar idon sawu tana iya zama ajali. In ta sarƙe a reshe ko ƙarfe, ruwa zai danne mutum, hannunsa ba zai kai ƙafarsa ba. A ranar 30 ga Oktoban 2021 hatsari ya rutsa da wasu masu allon tsaye a wata ƙaramar madatsa a kogin Cleddau, garin Haverfordwest na yankin Wales, bayan ruwan sama mai yawa, mutum huɗu suka rasu a sanadiyyarsa. Binciken hukuma ya nuna ba a bi shawarar da aka sani ba, ta sa rigar kariya da ɗamarar ƙugu wadda ake fizge ta ta kwance nan take.

Saboda haka, a tafki talala mai naɗi a ƙafa, a raƙuman teku miƙaƙƙiya, a kogi ta ƙugu mai saurin kwancewa. Wanda zai gwada a madatsun ruwanmu ya fara tambayar masuntan wurin labarin dorina da kada, ya kuma tuna da tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Lokacinmu ya cika. Don Allah, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka biya kuɗin kowane allo ka hau ma'auni ka san nauyinka, ka nemi a ba ka aro ko haya ka gwada shi a ruwan da za ka riƙa shiga, kuma kada ka taka shi sai da rigar kariya a jikinka.