SHAKAZOBA MAI SAITI: Ko Tana Iya Ta Da A-kori-kurar Da Lodi Ya Durƙusar?

Duk wanda ya bi babban titin nan da ya ratsa Mushin ya wuce Oshodi ya nufi Agege da sassafe, ba zai rasa cin karo da a-kori-kura shaƙe da kaya ba, gindinta ya kusa shafar kwalta, hancinta kuwa ya ɗaga sama kamar mai duban hadari. Wata albasa ta ɗauko daga kasuwar Mil 12, wata tumatir da tattasai, wata kuwa buhunan wake. In ta faɗa rami sai ka ga ta yi ta rangaji, ba ta natsa ba sai ta ci kamu da yawa.

Wannan al'amari ya shafi mutanenmu ƙwarai. Hausawa sun daɗe a birnin Ikko, watau Legas. Cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa su suka kafa zangon Agege, haka kuma unguwar Idi-Araba da ke ƙasar Mushin cike take da 'yan Arewa. Manyan motoci ne ke sauko da abinci daga Kano da Sakkwato da Zariya, amma ƙananan nan masu buɗaɗɗen baya su ne ke rarraba shi lungu-lungu. Tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, a-kori-kura ƙirar 404, daga baya kuma 504, ta zama jakin talaka. Yanzu Toyota Hilux da 'yan'uwanta sun karɓi mafi yawan aikin, amma cutar ba ta sake ba, watau durƙushewar baya.

A cikin Mushin ɗin nan ne kuma kasuwar Ladipo take, wadda ta yi suna ko'ina a Nijeriya wajen sayar da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu. Daga cikin abin da mai mota kan ji labari in ya shiga irin wannan kasuwa har da shakazoba mai saiti, wadda ake cewa tana daidaita tsayuwar mota, tana kuma sa tafiya ta yi laushi. To, kafin mutum ya zare kuɗinsa, ya kamata ya san abin da wannan ƙarfe ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinsa.

KOWA DA AIKINSA

Abin da ke ɗauke da nauyin mota shi ne sifirin. A bayan a-kori-kura fallayen ƙarfe ne aka jera wani bisa wani aka ɗaure, a gaba kuwa yawanci naɗaɗɗen ƙarfe ne, ko kuma wani sandan ƙarfe mai murɗuwa. Tsawon da mota ke da shi daga ƙasa, sifirin ne ya ba ta. Amma sifirin yana da hali guda: in aka danne shi aka saki, sai ya yi ta tsalle bai san tsayawa ba.

Nan ne shakazoba ke shigowa. Bututu ce cike da mai, da fistin a ciki mai 'yan ƙananan ƙofofi. Duk sa'ad da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, fistin ɗin yakan tilasta man ya bi ta waɗannan ƙofofi, shi kuwa man ba ya wucewa da sauri. Wannan turjiya ita ke kashe tsallen, ta mai da ƙarfinsa zafi, shi ya sa in ka taɓa shakazoba bayan doguwar tafiya a mummunar hanya za ka ji ta da ɗumi. Amfaninta babba shi ne ta riƙe taya a manne da ƙasa, gama tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta kuma jin sitiyari.

In zafi ya yi yawa man yakan yi kumfa, turjiyar ta ragu. Wani masani Bafaranshe, Bourcier de Carbon, shi ya fito da dabarar matsa man da iskar gas don hana kumfar, kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauki dabarar, har aka fara sa irin wannan shakazoba a motocin Mercedes-Benz cikin 1957. Amma ko mai gas ɗin, ɗan turin da take yi bai kai ya ɗauki buhuna ba. Saboda haka motar da bayanta ya zauna, ko an sa mata sabuwar shakazoba ta yau da kullum, a zaune za ta kwana.

SAITI IRI UKU

Kalmar saiti ita ke rikita mutane, domin abubuwa uku ne daban-daban ake kira da suna guda.

Na farko, akwai mai saitin tauri. Ana murɗa wani ɗan maɓalli a jikinta, sai ƙofofin man su tsuke ko su buɗe. Kamfanin Koni na ƙasar Holan ya daɗe da yin suna a wannan fanni, akwai kuma Rancho RS9000XL ta Amurka mai matakai 9. Direba zai iya ƙara tauri in ya yi lodi, ya sassauta in zai komo wayam. Wannan yana gyara tafiya sosai, amma ba ya ƙara wa mota tsawo ko da na ɗan yatsa.

Na biyu, akwai mai saitin tsawo, irin su Bilstein 5100. A jikinta an yi tsaga-tsaga, da wani zobe da ake matsarwa daga wannan tsaga zuwa waccan, a kansa ne mazaunin naɗaɗɗen sifirin yake. In aka ɗaga zoben sai gaban motar ya tashi, kamar inci 2 ko sama da haka kaɗan, gwargwadon irin motar. Sai an kwance ta an matse sifirin ake canja saitin, ba abin da direba zai yi a bakin hanya ba ne. Kuma gaba take ɗagawa, ba ruwanta da fallayen baya.

Na uku, akwai mai iska, irin su Monroe Max-Air da Gabriel HiJackers. Tana da jaka da ake hura wa iska ta wani bawul irin na taya, mai faci ma zai iya hura ta. Ita kaɗai ce cikin ukun ke taimaka wa sifirin ɗaukar nauyi, tana kuwa ɗaga baya. Sai dai nauyin da ta ɗauka yana komawa ne kan kunnuwan da aka ɗaure ta, waɗanda ba don dakon kaya aka ƙera su ba. In aka matsa musu a hanya mai ramuka, suna iya tsagewa.

MATSALARSU DABAN, TAMU DABAN

In ka dubi sabuwar a-kori-kura ba kaya, za ka ga bayanta ya fi gabanta tsawo. Da gangan maƙera suka yi haka, don in an ɗora mata lodin da ya dace ta sauko ta daidaita. A Amurka mutane da yawa suna hawan irin waɗannan motoci ba tare da sun ɗora musu kome ba, sai wannan tsayuwa ta riƙa yi musu muni a ido, ko kuma su so sa manyan tayoyi. Domin su aka yi shakazoba mai ɗaga gaba.

Mai dakon albasa daga Mil 12 zuwa Idi-Araba kuwa, in ya kwaikwaye su, ya ƙara wa kansa wahala ne. Motar da aka daidaita tana wayam, da zarar an yi mata lodi bayanta zai faɗa ƙasa da gabanta fiye da dā. Nauyi ya bar tayoyin gaba, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, fitilu su haska sama su kashe wa masu tahowa ido. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma wani hatsari a ɓoye. Yawancin tsofaffin a-kori-kura suna da wani bawul a baya wanda ke auna yadda bodi ya sauko kusa da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. In ya sauko ƙwarai, bawul ɗin ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To, in aka ɗaga bayan da iska ko da ƙarin fallaye ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka motar wayam take alhali tana ɗauke da tan guda, ya rage wa birkin baya ƙarfi a lokacin da aka fi bukatarsa. Makanikai da masu motoci su lura da wannan da kyau.

LISSAFIN LODI

Irin su 504 da Hilux, abin da aka yi su su ɗauka bai wuce tan guda da 'yan kai ba, a ciki kuwa har da direba da yaran mota. Tan guda shi ne buhu 20 na shinkafa ko siminti mai kilo 50, ko buhu 10 na masara mai kilo 100. Maƙera sukan rubuta iyakar nauyin a wani ɗan allo a jikin motar. Ba wata shakazoba a duniya da za ta canja wannan adadi, domin tayoyi da birki da ƙashin motar suna nan yadda suke.

Yadda aka jera kayan ma yana da nasa tasiri. Mai nauyi a sa shi can ciki kusa da kan mota, gaba da tayoyin baya. Duk buhun da aka ɗora a kan marfin baya da aka sauke, ɗaga gaban motar yake yi kamar yadda ake ɓamɓare dutse da sanda. Game da fallayen da suka gaji kuwa, gasa su a wuta don a sake lanƙwasa su yana ɓata ƙarfen, ba su daɗewa sai su sake kwantawa ko su karye. Sauya su shi ne magani.

IN ZA A SAYA

Da fari a tabbata wace ce cutar. A tsai da mota wayam a wuri mai daidai, a auna daga ƙasa zuwa bakin bodi ta kowace kusurwa. In wani gefe ya zauna, laifin sifirin ne. Sa'an nan a danna kowace kusurwa da ƙarfi a saki. In ta taso ta tsaya, da sauran rai a shakazoba, in kuwa ta ci gaba da lilo, ta mutu. Mai da ke zuba a jikinta, da tayar da ta cinye tudu da kwari, su ma shaidu ne.

A je kasuwa da tsohuwar a hannu, da lambar jikinta, domin wadda aka yi wa Tacoma ko Tundra 'yan Amurka ba lalle ta hau Hilux ba ko da sun yi kama. Ta hannu kuwa ba a ganin cikinta, wankewa da fenti ba su mayar da abin da ya cinye, araha kuwa ba ta ado. A sauya biyu tare, dama da hagu. Kada a ƙarasa ɗaure notinan robobinta sai mota ta sauka a kan tayoyinta. In an taɓa tsawon gaba, tilas a sake saitin tayoyi da na fitilu.

Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa cikin 1988, tana kama masu lodin da ya wuce kima, Gwamnatin Jihar Legas kuma tana gwada lafiyar motoci da na'ura kafin ta ba da takarda. Amma tara ita ce mafi sauƙin hasara. Yaran da ke zaune bisa buhuna, da masu talla a bakin titin Mushin, su ne ke biyan sauran in birki ya ƙi. Mai motar da ke son tafiya mai laushi, shakazoba mai saitin tauri za ta yi masa amfani. Wanda bayan motarsa ke durƙushewa kuwa, ya duba fallayensa, ya ƙirga buhunansa, in sun wuce kima ya yi sawu biyu.