Takalmin Gudu: Abin Da Ya Kamata Mutanen Abakwa Su Duba Kafin Su Biya Kuɗi

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a unguwar Abakwa, wadda ake rubutawa Abakpa a takardun hukuma, ba zai rasa cin karo da masu sassarfa ba, wasu ɗai-ɗai wasu a ƙungiya, suna nufar babban titi kafin motoci su yi yawa. A cikinsu akwai ma'aikatan Gwamnati waɗanda likita ya gaya musu cewa hawan jini ko ciwon sukari ya fara leƙo su. Akwai 'yan makaranta, akwai kuma samari masu shirin neman shiga soja ko ɗan sanda, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a unguwar da ba ta da nisa da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, watau NDA, wadda aka kafa a 1964. Amma idan mutum ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsu, sai ya ga abin dariya da na tausayi tare. Wannan yana sanye da takalmin ƙwallo mai ƙusoshin roba a kan kwalta, wancan da kambas ɗin da ya gama sakandare da shi, wani kuma da takalmi mai tsada ƙwarai wanda ya matse shi har yana ɗingishi.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba sa cika wata guda suna fitowa. Bororo ya fito a dunduniya, ko farcen babban yatsa ya yi baƙi, ko ƙwauri ya riƙa zogi, sai mutum ya yanke hukuncin cewa gudu ba nasa ba ne, ya koma gidan jiya da hawan jininsa. Gaskiya ne ba kowane ciwo ne laifin takalmi ba, domin ɗaukar gudu mai yawa farat ɗaya shi ne kan gaba wajen jikkata sababbin shiga. Duk da haka takalmi ne kaɗai abin da mai gudu ba shi da makawa sai ya saya, kuma a halin tsadar da ake ciki, kuskure ɗaya a wajen saye yana iya cinye rabin albashi.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a sha'anin guje-guje. Ita ta karɓi baƙuncin Gasar Wasanni ta Ƙasa a 1977, ta sake karɓa a 2009. Tana da Filin Wasa na Ahmadu Bello, tana da Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa, inda jama'a ke taruwa da sassafe don motsa jiki. A watan Nuwamba na 2020 Gwamnatin Jiha ta shirya gudun fanfalaki a cikin gari, mai nisan kilomita 21, tare da na kilomita 10 da na 5 don sauran jama'a, kuma 'yan Kenya ne suka lashe babban gudun. Birnin Ikko ya fara nasa mai kilomita 42 tun 2016. Masu gudu dai sun ƙaru. Sanin inda za a sayi takalmi da yadda za a saye shi ne bai bi sahu ba.

A Amurka da Ingila akwai kantunan da ba su da wata sana'a sai kayan gudu. Ɗaya daga cikin na farko shi ne wanda Jeff Galloway, ɗan tseren da ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na 1972, ya buɗe a 1973 ya raɗa masa suna Phidippides. A irin wannan kanti ba a fara nuna wa mai saye takalmi. Sai an zaunar da shi an auna tsawon ƙafarsa da faɗinta, an tambaye shi inda yake gudu da yawan da yake yi a mako da ciwon da ya taɓa samu, sannan a fito masa da ƙafa uku ko huɗu ya gwada, ya yi sassarfa da kowanne a cikin kantin ko a bakin ƙofa. Masu kantin su ma galibi 'yan gudu ne, kuma sukan shirya fita tare da abokan cinikinsu wata rana a mako.

Mutumin Abakwa kuwa hanyoyinsa daban ne. Ko dai ya gangara kantunan kayan wasanni da ke Titin Ahmadu Bello, ko ya shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ya nufi Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, wadda ta daɗe da yin suna wajen gwanjo tun kafin a rushe ta a 2020 don sake gini, ko kuma ya ga hoto a waya ya tura kuɗi a kawo masa. A mafi yawan waɗannan wurare mai sayarwa ɗan kasuwa ne kawai, yau takalmin gudu gobe na biki. Saboda haka aikin da ma'aikacin kanti ke yi wa mutum a can, a nan mai saye ne zai yi wa kansa. Abin da yake nema daga ɗan kasuwa shi ne haƙuri, ya bar shi ya zauna ya gwada. Wanda ya hana a sa takalmi a yi tafiya da shi, ko ya ce ai zai buɗe idan an saba, to a yi masa sallama a ƙara gaba. Takalmin fata na zuwa ofis yakan buɗe. Na gudu kuwa yadda ya matse ran farko haka zai matse har ya mutu.

Lamba ita ce tarko na farko. A kasuwanninmu an fi sabawa da lambar Turai, watau su 41 da 42 da 43, inda tsakanin lamba da lamba akwai kashi biyu cikin uku na santimita. Lambar Ingila daban ce, tazararta sulusin inci, kuma 42 ta Turai tana kusa da 8 ta Ingila. Ta Amurka a takalman maza takan ɗara ta Ingila da rabi ko da ɗaya, gwargwadon kamfani. Tun da dilolin gwanjo daga ƙasashe dabam-dabam suke zuwa, mutum na iya ɗaukar ƙafa biyu masu lamba iri ɗaya ya tarar da bambanci a fili. Maganin wannan yana da sauƙi. Tun daga gida mutum ya taka farar takarda yana tsaye, a zagaye masa ƙafar da biro, a auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo da rula, ƙafa biyun duka, domin sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. A cikin harshen yawancin takalman gudu akwai awon santimita a rubuce tare da sauran lambobin, kuma shi ne ya fi cancanta a dogara da shi.

Lokacin zuwa kasuwa ma abin lura ne. Ƙafa takan ɗan kumbura da yamma bayan yinin tsayuwa da tafiya, kamar yadda takan yi a tsakiyar dogon gudu, don haka cinikin la'asar ya fi na hantsi. A je da safar da za a riƙa gudu da ita. Idan an sa takalmin an ɗaure igiya an miƙe tsaye, ya kamata a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Shi ya sa takalmin gudu yakan fi na ofis da rabin lamba ko lamba guda. Dunduniya kuwa ta zauna daram, kada ta riƙa zamewa sama da ƙasa idan an taka.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mutumin da ya tashi yana yawo da silifas ko takalmin fata buɗaɗɗe, ko ma ba takalmi, ƙafarsa takan fi faɗi daga gaba, yatsunsa a baje, alhali kuwa takalma da yawa an yanka su ne bisa ƙafar da ta girma a matse cikin sau-ciki. Sau da yawa tsawo yana yin daidai amma gefen ƙaramin yatsa yana kuka. Wasu sai su ƙara lamba biyu don samun faɗi, takalmin ya zama jirgi, ƙafa na yawo a ciki. Abin da ya fi shi ne a zare shimfiɗar cikin takalmin a ajiye ta ƙasa a taka. Idan ƙafa ta malalo ta gefe, wannan ƙirar ba ta mutum ba ce, komai kyaun launinta.

An daɗe ana koyar da cewa sai an duba tafin ƙafar mutum, shimfiɗaɗɗe ne ko mai rami, kafin a zaɓa masa irin takalmin da zai gyara masa taku. Kantunan Turai sun yi shekaru suna ciniki da wannan magana. Sai dai binciken da aka yi a kan dubban sababbin sojojin Amurka wajen 2009 da 2010 ya nuna cewa raba musu takalmi bisa siffar tafin ƙafa bai rage yawan rauni ba. A 2015 wani masani a Jami'ar Calgary ta Kanada, Benno Nigg, da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa jin daɗin takalmi a ƙafa shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a bi. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ba shi da na'urar awo a kusa, domin abin da ake buƙata yana tare da shi.

Sai batun gwanjo, wanda a nan ne yawancin ɗalibai da ƙananan ma'aikata za su ƙare, kuma ba abin kunya ba ne. Ran takalmin gudu yana cikin soson da ke tsakanin tafin waje da ƙafa. Shi ke shanye dukan kwalta, kuma shi ke fara mutuwa tun saman takalmin yana sheƙi. Kamfanoni da masu horarwa sukan ƙiyasta rayuwarsa tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Wanda ke yin kilomita 5 sau uku a mako zai kai kilomita 780 a shekara, watau takalmi ɗaya ke nan. To, wanda ya zo cikin dila ba wanda ya san nawa mai shi na farko ya ci daga wannan adadi. Wanki da goga da farin fenti suna ɓoye shekaru, amma ba sa ɓoye komai ga mai lura. A ɗora takalmin a kan tebur a dube shi ta baya. Idan ya karkata gefe, takun wani ya riga ya zauna a cikinsa. A dubi gefen soson. Idan ya yi tamoji masu zurfi, ya gaji. A danna cikinsa da yatsa, a murɗa shi kamar ana matse wanki. Wanda ya murɗu ba gardama ya gama aiki. Mai gyaran takalmi na iya liƙa sabon tafi ko ya ɗinke inda ya ɓare, amma ba shi da dabarar tayar da soson da ya kwanta.

Jabu kuma ya cika gari, sabo fil cikin kwalinsa da tambarin babban kamfani. Ana gane shi ta warin gam, da ɗinkin da ya karkace, da lambar da ke cikin harshen takalmi wadda ba ta dace da ta jikin kwali ba, kuma mafi sauƙi ta farashin da ya yi araha fiye da hankali. Gwanjo na asali mai sauran rai ya fi shi nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwar da ya fito fili ya ce wannan na asali ne, wannan kwaikwayo ne, ga kuɗin kowanne, shi ne wanda ya cancanci a riƙe a kuma kai masa abokai.

Samari da yawa suna mafarkin irin takalmin da Eliud Kipchoge ya sa a birnin Biyana ran 12 ga Oktoba, 2019, lokacin da ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Irin waɗannan takalma masu farantin kabon a ciki sun fara shiga kasuwa ne a 2017 a kan Dala 250, har ta kai Hukumar Guje-guje ta Duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. A canjin da ya haura Naira 1,000 kowace Dala, wannan kuɗi ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 fiye da sau uku, kuma takalman ba sa jimawa. An yi su ne don ranar gasa. Wasu kuma sukan kafa hujja da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun Olamfik na Roma a 1960 ba takalmi. Su tuna cewa ya saba da hakan tun a gida, kuma da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi ta.

Sauran kaya ba su da wuya. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo, ta roba-roba ta fi. Mai fita kafin gari ya waye ya sa riga mai haske don masu babur su gan shi, musamman cikin ƙurar hunturu. Mata na samun dogon wando da hijabi mara nauyi a kasuwannin nan ba tare da wahala ba.

A can kanti ne ke tara 'yan gudu. A Kaduna kuwa 'yan gudu ne ke nuna kanti. Wanda ya je Dandalin Murtala safiyar Asabar biyu ko uku, ya yi gaisuwa ya shiga sahu, zai ji wane mai shago ne ke ware takalman gudu idan ya fasa dila, wane ne ke karɓar canji, wane ne ya taɓa sayar wa mutane jabu da sunan na asali. Malaman wasanni na makarantu da tsofaffin sojoji, waɗanda Abakwa ba ta rasa su ba, sun san wannan fiye da kowa. Kafin a biya kuɗi a yi yarjejeniya a gaban shaida cewa za a iya dawo da shi cikin kwana biyu ko uku, sannan a gwada shi a ɗaka a kan tabarma ko siminti mai tsabta, domin ba ɗan kasuwar da zai karɓi takalmin da jar ƙasa ta taɓa.

Masu ciwon sukari suna da ƙarin hattara. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya daina jin matsi ko guga, ƙaramin bororo ya zama gyambon da ke wuyar warkewa. Irin wannan mutum ba zai dogara da jin daɗi kaɗai ba. Ya nuna wa likitansa ƙafar kafin ya fara, ya riƙa zura hannu cikin takalmin kowace safiya don neman tsakuwa ko ɗinkin da ya taso, ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk lokacin da ya dawo ya cire safa.