Eric Bristow: gwanin jifa da hannunsa ya ƙi sakin kibiya

Duk wanda ya taɓa kallon wasan darts a talabijin zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutum ya tsaya tazarar mita 2.37 daga wani faifai da aka rataye a bango, ya jefa 'yan kibau uku, ya koma gefe. Faifan an raba shi gida 20, kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, yana ragewa har ya kai sifili, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa cikin siririn zoben da ke ninka maki biyu, ko kuma a tsakiyar faifan. Mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180. A wannan ɗan fili ne Eric Bristow ya yi sarauta, a nan kuma ya ga tasku.

An haife shi a Hackney da ke birnin Landan a 1957. Wasan a lokacin na mashaya ne, inda ma'aikata ke taruwa bayan an tashi daga aiki. Bristow ya shigo da baki da ji da kai. Tun kafin a fara wasa yakan faɗa wa abokin karawarsa cewa zai lallasa shi, 'yan kallo su yi ta yi masa ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Yana da shekara 22 ya ci kofin duniya a 1980, bayan ya doke Bobby George. Ya sake ci a 1981.

A 1983 ya gamu da ɗan hakin da ya raina. Wani matashi mai suna Keith Deller, wanda sai da ya bi ta wasannin share fage kafin ya samu gurbi, ya kayar da shi a wasan ƙarshe, ya rufe da maki 138 a jifa uku. Bristow ya farfaɗo, ya kwashe kofin shekara uku a jere: 1984, 1985 da 1986. Kofi biyar ke nan, kuma babu alamar mai tare shi.

Sai hannu ya ƙi.

Matsalar da ta same shi ana kiran ta dartitis. Ɗan wasa zai ɗaga hannu, ya saita, amma yatsu su ƙi sakin kibiyar a kan lokaci. Ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba. Galibi ana danganta ta da fargaba da matsin da ke cikin kai. Mutumin da ya shekara goma yana jifa ba tare da tunani ba ya koma yana kokawa da kowace kibiya a gaban dubban jama'a. Duk da haka ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 1987, 1989, 1990 da 1991, kuma duka huɗun aka doke shi.

Na 1990 ya fi ciwo. A garin Stoke-on-Trent, inda yake da gidan shaƙatawa, Bristow ya haɗu da wani ma'aikacin masana'antar tangaran mai suna Phil Taylor. Ya ga yaron yana da hannu, ya zuba masa kusan fam 10,000 don ya riƙa zuwa gasa, yana kuma matsa masa lamba ba sassauci. Wannan almajirin ne ya tsaya gabansa a wasan ƙarshe, ya ci shi 6 da 1. Taylor ya ci gaba har ya tara kofin duniya 16.

A daidai wannan lokaci wasan kansa yana cikin mawuyacin hali. Gidajen talabijin na Birtaniya sun janye daga yawancin gasanni, masu ɗaukar nauyi suka bi su, kuɗi suka ƙafe. Bristow na cikin manyan 'yan wasa 16 da suka ɓalle daga BDO, hukumar da ke kula da wasan a lokacin, a 1993, suka rungumi sabuwar ƙungiya wadda daga baya ta zama PDC. Ita ce ke shirya babbar gasar duniya a yau. A ƙarƙashinta ya yi yunƙurinsa na ƙarshe a 1997, inda ya kai wasan kusa da na ƙarshe, Taylor ya sake fitar da shi da 5 da 4.

Da ya ajiye kibau, ya zama mai sharhi a tashar Sky Sports. Bakin da ya ɗaga shi ne ya jawo masa: a 2016 tashar ta sallame shi saboda kalaman da ya wallafa a Twitter kan tsofaffin 'yan ƙwallon da aka ci zarafinsu suna yara. Ya nemi gafara, amma aikin bai dawo ba.

Ranar 5 ga Afrilu, 2018, bugun zuciya ya yi ajalinsa a Liverpool, a daren da ake gasar Premier League ta darts, yana da shekara 60. A shekarar ce PDC ta sa wa kofin gasar Grand Slam sunansa.